Mai Fuskar Baba Idi a Ɗakin Ƙanƙara

Jama'a, na san wani zai yi dariya in na ce aikin dusar ƙanƙara na yi a Riyad, garin da rana ke soya ƙwai a kan bonet, amma wallahi haka ne. Shekarun baya kafil ɗina, wato Balaraben da ya ɗauko ni aiki, ya kai ni wani ƙaton mol, irin rukunin kantunan zamanin nan, can ciki akwai ɗakin wasa da ake zuba ƙanƙarar inji, Larabawa su kawo iyalansu su yi ta sulu. Aikina kullum da safe kafin a buɗe, in hau wata 'yar tarakta da aka ɗaura wa inji a gaba, wuƙaƙensa su yi ta juyi suna cin ƙanƙarar da ta taru, ya feso ta ta bututu inda ake so.

Wanda ya koya min shi ne Baba Idi, wani dattijo mutumin Maraɗi. Bakano yake ce min, kuma kullum maganarsa ɗaya: in inji ya toshe ka kashe, ka zare makulli ka sa aljihu, ka jira wuƙaƙe su tsaya cak, sannan ka zungura da sanda. Hannu kam ko da wasa.

To ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ni kaɗai a ciki don Baba Idi ya ɗauki hutu ya tafi Umara. Ina cikin aiki sai injin ya shaƙe a wani lungu kusa da tudun sulu. Na kashe, na zare makulli, na sauko da sandata, na yi ta zungura abu ya ƙi, ga mudir, wato manajanmu, ya riga ya leƙo yana ta yalla yalla, wai in yi sauri. Ina durƙushe ina leƙen bututun sai na ji a bayana an ce, "Bakano, ba ka gama ba?"

Na waiwaya, sai ga Baba Idi tsaye da jar rigar sanyinsa. Na ce, "A'a Baba, ba ka tafi ba ke nan?" Bai amsa wannan ba, ya ce, "Sanda ba ta kai wa. Sa hannu ka ciro, ai a kashe take."

Ku ji ikon Allah, ban yi musu ba. Jikina ya yi wani laushi kamar mai jin barci, na tuɓe safar hannu, na miƙa hannun dama har yatsuna sun taɓa ƙarfen, sanyinsa ya ratsa ni. Ya matso ya sunkuyo daidai kunnena yana cewa, "Ƙara ciki, ƙara." A nan ne na lura. Ɗakin nan ko tari ka yi sai hayaƙi ya fito maka a baki, nawa ga shi yana ta tashi, amma shi yana magana bakinsa wayam, ba komai.

Innalillahi! Ban san lokacin da na fizge hannuna na cusa sandar a madadinsa ba. Wallahi tallahi sai wuƙaƙen suka ɗauka, ƙuuu, suka tauna sandar nan, bututu ya watso guntayenta har jikin bango, alhali tarakta shiru, makulli na aljihuna ina jin tudunsa a cinyata. Na juya, ba kowa. Na dubi ƙasa, sawun takalmina kaɗai ne a kan ƙanƙarar.

Yadda na fita ban sani ba. Bakaniken wurin ya zo ya duba, ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, wani lokaci in abu ya maƙale bel yakan riƙe ƙarfi, wuƙa ta ɗan zabura ko inji na kashe. Na ce to. Amma zabura daban, abin da na gani daban. Na kira Baba Idi a waya, ya ɗauka yana cikin bas sun yi nisa a hanyar Makka, ina jin talbiyyar mutane. Na kasa gaya masa, na ce dai ya sa ni a addu'a.

Sai da ya dawo, muna shan shayi a masaukinmu na unguwar Nasim, na kwashe duka na faɗa masa. Ya ajiye kofi ya ce, "Da fuskar wa ya zo maka?" Na ce da taka, Baba. Ya girgiza kai ya ce, "Ni ma ya zo mini, a wannan lungun. Da taka fuskar. Lokacin ko biza ba a buga maka ba, ban taɓa ganinka ba. Ranar da kafil ya shigo da kai, saura kaɗan in faɗi."

Ban ƙara shiga ɗakin nan ni kaɗai ba har na samu canjin aiki, kuma har yau ban san mene ne ba. Abin da ke hana ni sukuni, wani ya gaje ni a kan taraktar, ban kuwa san da fuskar wa za a je masa ba.

Ku masu aiki da inji, ko na niƙa ne ko na yankan ciyawa, ku yi azkar kafin ku fita, ku kashe ku zare makulli. Kuma duk wanda ya ce ku sa hannu, ko da muryar mahaifinku ya faɗa, kada ku sa.