Na Kai Mata Magani, Na Raba Ta da Matsuguni

A lokacin ni saurayi ne, sabon ɗauka a sashen lafiya na ƙaramar hukumarmu, aka tura ni kwamitin yaƙi da cutar ƙanjamau. Wallahi ji nake kamar sarauta aka naɗa mini! An ba ni riga mai tambarin jan ƙyalle a ƙirji, da babur ɗin ofis wanda aka rubuta sunan kwamitin gaba da baya. Ko ɗaurin aure zan je unguwar Shagari Low Cost da rigar nake zuwa, har abokai suna tsokanata wai ko da ita nake wanka. Ni kuwa ko a jikina, so nake kowa ya san aikin da nake yi.

Sai tashin hankalin nan ya zo, mutane suka kwararo Yola daga arewacin jihar, wasu a mota, wasu a ƙafa. An kai wasu sansanin Malkohi, da yawa kuma dangi suka karɓe su a gidaje. Cikinsu akwai masu shan maganin ƙanjamau kullum, sun gudo sun bar magani da katin asibiti, maganin nan kuwa ba a son a yi fashinsa. Aikin da aka ɗora wa kwamitinmu shi ne mu nemo su mu haɗa su da asibiti. Kai, mun sha zirga-zirga! Mun bi masu unguwa, mun bi limamai da fastoci, duk wanda muka mayar kan magani sai in ji kamar in taka rawa a tsakiyar titi. Shugabarmu, wata dattijuwa tsohuwar ma'aikaciyar jinya, kullum sai ta ja mana kunne cewa kada mu bi kowa gida sai da izininsa. Ina jin ta, amma a raina ɗauka nake tsufa ne ya sa ta nawa.

Wata rana wata mata ta shigo ofis, ta ja hijabi har kan hanci. Ta gaya wa shugabarmu cewa mijinta ya rasu a rikicin, tana zaune da 'ya'yanta biyu a unguwar Adarawo wajen goggonta da ta raine ta, kuma ta yi makonni ba ta sha magani ba. Irin maganin da take sha ya ƙare a wurinmu a ranar, aka ce ta dawo bayan mako guda. Kwana biyu kawai sai ga maganin ya iso. Shugabarmu tana Malkohi, ni kuwa murna ta hana ni zama. Me zai sa baiwar Allah ta ƙara kwana biyar babu magani alhali ga shi? Na duba kwatancen gidan a rajista, na karɓo maganin, na sa a leda, na hau babur.

Kun san gidajen cikin Yola, namiji baƙo ba ya wuce zaure. Na tarar da mijin goggon, wani dattijo, zaune a kan tabarma da maƙwabtansa biyu. Muka gaisa sosai, sannan ya tambayi abin da ya kawo ma'aikacin hukuma neman mace a gidansa. Da fara'ata har kunne na ce masa, Bappa, alheri ne, maganin 'yarku ne ya iso. Ya dubi ƙirjina, ya leƙa ya dubi babur ɗin, maƙwabtan ma suka duba. Ya tambaye ni a hankali maganin mene ne. A nan na fara kame-kame wai na ƙarin ƙarfi ne. Ya karɓi ledar, ya yi godiya. Kuma abin kunya, a hanyar komawa har waƙa nake yi.

Ranar da ya kamata ta dawo ba ta zo ba. Da na faɗa wa shugabarmu abin da na yi, ba ta yi mini faɗa ba, sai ta sa kayan gida, ta hau keke mai ƙafa uku ta tafi da kanta. Ta dawo ta zaunar da ni, ta ce tun daga ranar da na kai maganin aka ware wa matar kwano da kofi, aka hana yaran gidan wasa da nata, daga baya aka ce ana bukatar ɗakin. Ta kwashe 'ya'yanta ta fita, ba wanda ya san inda ta nufa. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Na neme ta a Malkohi har na gaji, ban same ta ba.

Bara, ina sayen kayan miya a kasuwar Jimeta, na ɗaga kai sai ga ta a bayan tebur. Tana raye! Ta yi kumari, tana ciniki da dariyarta. Na rasa inda zan sa kaina don murna. Ta gane ni, ta ce Alhamdulillahi tana shan magani, yaran lafiyarsu ƙalau, suna makaranta. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe tuntuni, ta san alheri na nufa. Sannan ta ce goggon ta rasu, kuma ita ba ta ji ba sai bayan addu'ar bakwai.

Har yau ina wannan aikin, ina kuma alfahari da shi, don na ga rayukan da ƙaramar hukuma ta ceto da ɗan abin da take da shi. Amma na gane cewa sirrin mara lafiya yana cikin maganinsa. Ku ma'aikata masu tasowa, ku rage rawar kai, ku tambayi mutum yadda yake so a taimake shi kafin ku taka ƙofar gidansa. Ni kwana biyar na so in rage mata, na raba ta da matar da ta goya ta har abada.