Tanti Mai Bango Da Murhun Baffa

Mun tashi da asuba daga unguwar Ammariyya a Jidda, ana fitowa daga masallaci, masu shaguna ba su ɗaga ƙofofinsu ba. Mu huɗu ne a cikin a-kori-kura mai ƙofa huɗu: ni, da abokinmu ɗan Nijar mai motar, da ɗan baffana, sai Baffa kansa a kujerar gaba, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa.

Masu bibiyata sun san duk lokacin sanyi mukan hau tsaunukan bayan Ɗa'if farautar tsuntsaye. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne, Baffa ne ya fara kai mu tun muna samari, kuma bara ba mu je ba saboda ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya kama shi. Ya miƙe, alhamdu lillahi, yana tafiya da sanda, amma hannun hagu bai dawo daidai ba. Tun daga nan ya daina maganar daji. Ko an ɗauko ta, sai ya mai da ido kan talabijin.

Tsohon tantinmu ya ruɓe a ajiye, don haka shirinmu shi ne mu sayi sabo da murhu da safe, mu wuce tsauni da rana. Da kyar Baffa ya yarda ya raka mu kasuwa ya zaɓa mana, da sharaɗin in an gama a sa shi a tasi ya koma gida. Abin da bai sani ba, matarsa Hajiya ta ba mu jaka ɗauke da magungunansa da rigar sanyinsa mai gashi, mun cusa ta bayan kujera. Da za ta miƙo ta ce mini, "Ya waladi, in ya ce a'a, halas, shi ke nan, kada ku matsa masa. Amma ku tafi da ita."

A Sa'alaba muka tsaya karin kumallo, wurin wani mai ful da tamis, wato dafaffen wake da burodin tanda, da layinsa ya fito har bakin titi. Direbobi, leburori, da wani mutum cikin rigar barci riƙe da kwanon gidansa, kowa na jiran burodin ya fito daga tanda. Har yanzu a nan da 'yan canjin aljihu mutum huɗu za su ƙoshi. Baffa ya ce a kawo masa nasa cikin mota. Na lura ba gajiya ba ce. Ba ya son a gan shi yana fama da yagar tamis da hannu ɗaya. Ɗansa ya miƙa hannu zai yaga masa, Baffa ya janye ledar.

Daga nan muka nufi kasuwar gwanjo ta kudu. Sashen masu tanti kamar wani ƙauye ne da aka kafa a kan kwalta, layi bayan layi, kowanne a kafe ƙofa a buɗe. Akwai na nailan masu launin alewa, waɗanda ake jefawa su miƙe da kansu. Suna da araha, ba nauyi, amma numfashin mutane kan taru a rufinsu ya riƙa ɗigo musu kafin gari ya waye, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya huda su. Akwai baƙaƙe na gashin akuya irin na Larabawan ƙauye, masu kwarjini, sai dai kuɗinsu da nauyinsu na mai raƙumi ne ko mai babbar mota. Sannan akwai farare na tamfol mai kauri, wasu gajeru da sai an rusuna ake shiga, wasu masu bango a miƙe kamar ɗaki.

Baffa ya nuna wani gajere da sandarsa. "Ku uku ne. Wannan ya ishe ku. Yalla, ku biya mu tafi."

Ɗansa ya dube ni, na dubi ɗan Nijar, shi kuma ya shiga duba tayar motar wani. Na ce, "Baffa, bari mu leƙa wancan mai bangon, gani kawai."

"Wancan na masu iyali ne da tsofaffi," in ji shi. "Wa zai ɗauki wannan giwar?"

Rana ce ta taimake mu. Sanyin Jidda suna ne kawai, hantsi na yi gumi ya fara keto mana. Mai shagon, wani dattijo Bapakistane mai jan gemu, ya ajiye kujera a cikin babban tantin ya ce Hajji ya shigo inuwa. Baffa ya shiga a miƙe, bai sunkuya ba, sandarsa ba ta sarƙe da komai ba. Ya zauna yana bin rufin da kallo. Can sai ya sa hannun dama ya murza bangon, ya tambayi rufi nawa ne. Aka ce uku: tamfol a waje, wani a tsakiya, sai yadi mai zane a ciki. Ya sa aka watsa ruwa a wajen, muka ga ya gangare bai ratsa ba. Ya sa aka juya masa ɗinkin kusurwa, inda igiya ke ja, domin a nan tanti ke fara yagewa.

Daga nan ciniki ya koma hannunsa. Ya ƙi wanda aka ɗinke ƙasansa da bango, ya ce inda za a ajiye murhu dole a iya naɗe shimfiɗa a bar ƙasa tsirara. Ya ƙi mai turakun sanda, ya ce ƙasar tsauni dutse ce, sai na ƙarfe. Ya nemi mai taga biyu masu fuskantar juna. Da aka nuna masa kafar bututun hayaƙi, ya ce ta matsu da bango, a ba shi wanda tasa ta nisanta kuma aka kewaye ta da ƙyallen da wuta ba ta ci. Da Larabci, da Hausa, da ɗan Urdun da ya tsinta a shekarun aikinsa a tashar jiragen ruwa, ya matse dattijon nan har mutumin ya kama gemunsa yana dariya. Duk da ragin, kuɗin ya taɓa mu, mu ukun da muka haɗa. Da ake loda shi Baffa ya ce, "Don ku na zaɓa. In an yi ruwa za ku gode mini." Muka ce haka ne.

Sauran murhu. Ɗan baffana, wanda Hausarsa ba ta yin nisa sai ta koma Larabci, ya so a sayi na gas a huta. Uban ya ce na gas ba shi da bututu, duk abin da ya fitar a cikin tantin yake zama, ku da shi. Ya ce haka ma gawayi a kasko, mutane nawa aka tarar da safe ba su farka ba. Sai muka gangara gefen Madinar Masana'antu, wurin wani mai walda ɗan Cadi da abokinmu ya sani. Unguwa ce ta manyan motoci da ƙarar guduma, kwalta duk ta lotsa.

Murhunan a jere suke a ƙofar shagon, akwatunan ƙarfe masu ƙafa huɗu. Marasa kauri ba nauyi, suna saurin zafi, suna saurin hucewa, kuma zafi kan lanƙwasa su. Masu kauri sai mutum biyu, amma suna riƙe ɗumi. Baffa ya tsallake babban cikinsu, ya ce zai gasa mu, ya tsaya kan matsakaici mai shimfiɗaɗɗen kai da zai ɗauki buta da tukunya, da 'yar kafar iska da ake buɗewa a rage, da hular raga a kan bututun don tare tartsatsi. Ya jingina sandarsa ya sunkuya zai buɗe ƙofar murhun. Sakatar irin wadda ake ɗagawa da hannu ɗaya a ja da ɗayan ce. Ya gwada, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Duk muka tsaya kamar an dasa mu, ba wanda ya yi ƙarfin halin miƙa hannu.

Ya miƙe a hankali ya dubi mai waldar. "Malam, sauya mini wannan. Yi mini wadda hannu ɗaya zai buɗe."

Mini ya ce, ba musu ba. Ɗan Nijar ya fita waje wai zai amsa waya, alhali wayar na kan kujerar mota. Mai walda ya yanke sakatar ya ɗora wata mai dogon hannu, Baffa ya buɗe ya rufe har ya gamsu. Ba wanda ya ƙara ambaton tasi. Sai da muka hau babban titi ya ce, "To, maganina fa?" Ɗansa ya zaro jakar daga bayan kujera. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ashe har da Hajiya a cikin makircin."

Muka bi hanyar da ta kewaye Makka, muka kama hawan Hada. Titin na murɗewa kamar igiya, kunnuwa na toshewa, birai zaune a kan katangar gefen hanya suna kallon motoci kamar masu karɓar haraji. A sama hazo ya sauko, muka tsaya muka sha shayi mai na'ana'a da gasasshiyar masara, muka sayi itace. Ga masu niyyar zuwa: itacen ƙasar nan an hana sara da sayarwa, tararsa ba wasa ba ce, na waje ake saya a ɗaure. Ku kuma tabbatar da takardar izinin farautarku kafin ku fito.

Kafa tantin ya nuna mana Baffa bai yi ƙarya ba da ya kira shi giwa. Mu uku muna nishi, shi yana zaune a kan dutse yana ba da umarni da sanda. Ya sa muka fara kunna murhun a fili har warin fenti ya ƙone, sannan aka shigar da shi. Bayan magariba sanyi ya sauko irin mai shiga ƙashi, amma a ciki har muka cire riguna. Muka yi isha'i a tsaye cikin sahu, shi a kan kujera, taga ɗaya a buɗe kaɗan kamar yadda ya ce.

Da safe muka fita da bindigogin iska, irin waɗanda ake karyawa a sa harsashi. Farautar ba abin a zo a gani ba ce: hasbiya kaɗan, da ƙaya a ƙafar ɗan Nijar. Da muka dawo hayaƙi na tashi a miƙe daga bututun, buta na tafasa. Bindigar da muka bari a tantin tana kwance ba inda muka ajiye ta ba. Baffa ya zuba mana shayi, sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Na gwada ta da kuka fita. Ba ta karyuwa. Ni da harbi, halas."

Ɗansa ya fara cewa da gashi da motsa jiki hannun zai dawo. Ya ɗaga masa hannu. "A'a, ɗana. Na sani, kai ma ka sani. Amma wuta da shayi nawa ne. Kada in ga hannun kowa a murhun nan."

Haka aka yi har muka naɗe kaya. Mun sauko Jidda da yamma, zafi ya tarye mu tun daga gindin tsauni. Sai da muka yi hutu a kowane bene kafin tantin ya kai saman rufi, inda muka baza shi ya bushe, domin tamfol in an naɗe shi da danshi fumfuna ce ke cinye shi.

Na koyi duba ɗinki da kaurin ƙarfe a tafiyar nan, kuma duk mai tambaya zan faɗa masa. Amma babban abin da na dawo da shi shi ne, kafin ka tambayi mutum nawa tanti ke ɗauka, ka fara tunanin wane ne cikinku ba zai iya sunkuyawa ba. Na ɗauka mun fita ne mu mayar wa Baffa farautarsa. Ba mu iya ba, kuma ba mai iyawa. Shi da kansa ya duba abin da ya rage masa, ya zaɓi aikinsa a cikinmu.

Ina saukowa daga rufin na ji muryarsa ta ƙofar falo, yana gaya wa Hajiya cewa yaran nan har yau ba su iya ɗaure igiya ba, dole wani zuwan ya tsaya a kansu.