Ƙwan Fitilar Kaka

Warin kananzir ne ya fito da ni tsakar gida, na tarar da Kaka a tsugune yana tsince gutsattsarin ƙwan fitilarsa. Da ita yake tuƙa kwalekwale da magariba, ya kwaso manoman da suka wuni a gonakin ƙetaren kogi, can bakin daji. Ya ce in babu ita ba zai ƙetare ba. Gwaggona kuwa tana cikinsu.

Na miƙa masa tocilata mai caji. Ya ce, "Amarya, ajiye abarki. Ƙwai za ki nemo wa mijinki."

Na bi kasuwa rumfa-rumfa, idona na kan rana tana gangarowa. Wani ya yi dariya ya ce, "'Yammata, wa ke kunna kananzir yanzu?" Wani ya ce sai dai Kaduna. Na kasa tsayawa, na kasa komawa gida. Bayan la'asar wata tsohuwa mai ƙosai ta zare ƙwan tata fitilar, ya yi baƙi da hayaƙi, ta ce in maido da safe. Na rungume shi cikin hijabi ina sauri, ina jin haushin taurin kan Kaka. Ya kwaso su duka, har da Gwaggo.

Sai bayan rasuwarsa Gwaggo ta gaya mini cewa 'yan bindigar daji farar tocila suke haskawa. In manoman suka hango farin haske a kan ruwa, cikin karan dawa suke ɓuya. Ba sa fitowa sai sun ga jan hasken fitilar Kaka.