Minti Ashirin na Mai Albasa

A gidansa Mai Albasa ake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da injina a kamfanin roba, aikin yamma. A can an san shi da hali guda: ba ya barin wayar wuta yashe a ƙasa. Duk wadda ya zare daga soket sai ya naɗe ta tsaf, ya ɗaure mata wuya, ya rataye.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce. Huɗu da rabi take shigowa gida, shi kuma motar kamfani tana tsayawa bakin titi biyar saura goma. Minti ashirin ke nan, kuma a cikinsu ake auren, ake tarbiyyar, ake komai. Kicin ɗin ko mutum biyu sai sun yi ta gogar kafaɗa, amma su huɗu suke cusuwa. Babbar 'yarsu ta ɗora ruwan taliya, Auta ta fasa ƙwai, uwar tana kan wuta, shi kuma yana yanka albasa ba ya ko kallon wuƙar. Hawaye na zuba yana cewa tausayin albasar yake ji, yara suna ƙyalƙyala dariya. A tsaye suke ci, faranti ɗaya, cokali huɗu. Da loma a baki yake sa takalmi.

"Wallahi ranar da na ajiye aiki," yakan ce daga bakin ƙofa, "sai mun zauna mun ci abinci kamar mutane."

Ya ajiye aikin kuwa. Ya sayo teburi mai kujera shida, sai da aka cire ƙofar falo kafin ya shiga. A watan ne babbar, da ta fara aiki a banki, ta kawo wa uwarta firiza da na'urar ɗumama abinci. Da zuciya ɗaya ta yi. Daga nan uwar ta koma girkin mako guda ranar Asabar, ranar hutunta tilo, ta zuba a robobi, ta manna wa kowace takarda da sunan mai ita. Kowa ya dawo sanda ya dawo, ya ciri robarsa, na'ura ta yi ƙara, ya shige ɗaki.

Teburin nan shi kaɗai yake zama a kansa. Sauran kujerun sun zama na jakunkuna da kayan guga. Abin yana cin sa ƙwarai. Ya wasa wuƙa, ya leƙa kicin, ya ce ko za a ɗan haɗa wani abu tare, amsar ba ta canzawa:

"Baba, ai akwai a firiza."

Sai ya ɗauki karan tsana ya ɗora wa firizar, farin akwatin nan. Wata Litinin da safe, bayan kowa ya fita, ya zare masa waya. Ya tafi kasuwa ya sayo albasa da tumatir da ƙwai, ya dawo ya zauna jira.

Kwana biyu ba wanda ya lura, don sanyin bai gama fita ba. Laraba da yamma aka yi sa'a su ukun suka shigo kusan tare. Uwar ta ɗaga murfi, wari ya buge ta har ta ja da baya. Sai ga shi da wuƙa da katakon yanka, yana ta ƙoƙarin ɓoye murna.

"Subhanallahi! To ba komai. Ke ɗora ruwa, Auta kawo ƙwai. Minti ashirin mun gama."

"Ni na ci a ofis, Baba," in ji babbar.

"Bari in sayo mana a bakin titi," in ji Auta, ta zari mayafi.

Uwar ta mayar da murfin. Ta sunkuya bayan firizar don ta ga abin da ya lalace, sai ta ga wayar a rataye jikin ƙusa, naɗe tsaf, an ɗaure mata wuya. Ta jira babbar ta shige ɗaki.

"Baban yara, wa ya naɗe wannan?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "So nake mu koma kamar da."

"Kamar da?" Ta yi wata dariya mai ciwo. "Kai ka yanka albasa biyu, ka ba mu dariya, ka ci, mota ta ɗauke ka. Ka taɓa ganin kicin ɗin nan ƙarfe biyar? Awa tara ina tsaye a kan marasa lafiya, in shigo ko takalmi ban cire ba, don kada ka fita da yunwa. Ka tafi ka bar ni da tukwane da yara. Farantin nan ban taɓa ƙoshi a cikinsa ba, cokali uku nake yi in bar muku. Ranar Asabar da nake tsaye tun safe har la'asar, kana ina? Kana falo kana wasa wuƙa. Sai yanzu da na samu ina shigowa in zauna in miƙe ƙafa, ka ga ban cancanta ba."

Ya dubi wuƙar da ke hannunsa. Minti ashirin ɗin nan shi ne abin da ya fi so a rayuwarsa, kuma bai taɓa tambayar wa yake ɗauke da shi ba.

Ta jawo kwandon shara ta fara buɗe robobin ɗaya bayan ɗaya tana juyewa, tana ɓare takardun. Goma sha huɗu. Nasa ne suka fi cika, kamar kullum. Ya ajiye wuƙar, ya naɗe hannun riga.

"Kawo in wanke, Maman yara."

"Bar shi," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ba ka san inda soso yake ba."

Ya duba gefen famfo, ya duba kan taga, ya buɗe wata durowa ya rufe. Gaskiya ta faɗa, bai sani ba.