Wayar Kawu Lado da Katangar Malam

Kawuna Lado, Allah Ya ji ƙansa, a Riruwai ya ƙare rayuwarsa yana wasa wa masu haƙar kuza diga, a wata rumfar kwano can bayan gidanmu. Da hannu yake juya dutsen washi, har kafaɗarsa ta dama ta soma gazawa. Ga shi bai iya wata sana'a ba, ko kunyar gero bai taɓa tayarwa ba.

Wajen 1955 kamfanin kuza ya yarda ya ja wayar lantarki daga injinsu zuwa rumfar, don dutsen ya riƙa juyawa da wuta. Amma fa in damina ta faɗi bai haɗa ba, wani za a ba aikin.

Kawu ya sari itatuwan falwaya, ya haƙa ramuka. Sai ga shi dole ɗaya ta tsaya jikin katangar maƙwabcinmu Malam Uba.

Malam ya ce, "Lado, ba baƙin ciki nake maka ba. Amma ƙato ya ɗare sama yana kallon tsakar gidana, iyalina na daka? Ba da ni ba."

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, sai in ɗaure wa mai hawan ido."

"In ya faɗo, ciki zai faɗo ko waje?"

Kai, na ji haushin Malam! Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Falgore, Kawu ya rame, tuwo ma sai Safara'u matarsa ta yi da gaske yake taɓawa.

Labari ya kai kunnen Goggo Luba, mahaifiyar Malam. Ta leƙo zaure inda Malam da Kawu suke zaune, ta ce, "Kai Uba, da karatunka! Laraba akwai suna a Doguwa. Duk matan gidan nan zan kwashe mu tafi. Lado, ka hau ka kalli turmi har ka gaji."

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Ran Laraba, Malam da kansa ya riƙe tsani. Da la'asar dutse ya juya ba hannun kowa. Kawu ya zauna a ƙasa, ya dafe kafaɗarsa, hawaye na zuba, yana ta alhamdu lillahi. Wallahi ni ma sai da na sauke numfashi.

Malam ya laluba aljihu, ya miƙo wuƙar da yake fiƙe alƙalami da ita.

"Fara da wannan."