Kwanar da Baffa Ya Sa wa Titi

Har yau idan na ji warin jan fenti sai gabana ya faɗi. Makon jiya maƙwabcina yana shafa wa ƙofarsa, na tsaya da bokiti a hannu, sai ga ni a gidanmu na Zuru, ina 'yar shekara tara.

Mahaifinmu soja ne, sai Kirsimeti muke ganinsa, don haka a hannun Kaka, mahaifiyarsa, muka tashi. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, shi ne ɗan bokon gidan. Ya karanta tsara birane, ya samu aiki a babban birnin jiha, kafin a ankara ya zama mutumin da sai ya sa hannu ake fitar da titi ko a yanka fili. Idan ya zo coci, kujerar gaba ake ba shi. Kaka ce kaɗai ba ta rawar jiki a kansa. Takan ce ita ta haife shi, ta san tun yana yaro hannunsa na cikin kwanonsa, idonsa na cikin na wani.

Bayan gidanmu, gefen gonar dawa, akwai kabarin kakanmu namiji. Shi bai shiga coci ba har ya mutu, sai aka binne shi yadda mutanenmu Lelna ke binne nasu, aka jera tukwanen ƙasa a kai, wasu da ƙananan kawuna baki buɗe. Mu yara tsoronsu muke ji. Kaka kuwa, duk da ba ta fashin coci, ba ta barin ciyawa ta tsiro a wurin.

Wata shekara bayan an yanke dawa, Baffa ya zo da farar mota da mutum uku, da wata na'ura mai ƙafa uku da ake leƙawa da ido ɗaya. Suka yini suna kafa turaku masu jan fenti a kai tun daga bakin kasuwa har cikin gonarmu. Ɗaya kuwa a tsakiyar tukwanen nan aka buga shi. Baffa ya ce wa Kaka kada ta damu, awo ne kawai.

"Awon mi?" in ji Kaka. "Ko a kasuwa ba a auna dawa sai za a sayar."

Da suka tafi ta zagaya turakun ɗaya bayan ɗaya. Mace ce da ta tsufa tana yin kunyoyin shuka a gona, ta san layi idan ya miƙe. Ta ce na cikin tukwanen bai yi daidai da 'yan'uwansa ba, ya karkace. Babu wanda ya kula, aka ce tsohuwa me ta sani game da na'urar Turawa. Washegari da sassafe ta tumɓuke su duka. Suka dawo suka kafa, ta sake tumɓukewa. Kafin damina ta faɗi, babu akuya a gidanmu da ba ta da turke mai jan kai. Unguwa ta sha dariya, har aka fara raɗe-raɗin za a kama ta.

Sai Baffa ya zo shi kaɗai, ya shimfiɗa wata ƙatuwar takarda a gindin tsamiya. Da yarenmu, C'lela, ya yi mata magana, yaren da ya daɗe da yarwa, kuma wannan ma bai kwanta mata ba. Ya ce titi ne zai zo, zai bi ta kan kabarin, amma shi zai iya sa masa kwana ya kauce. Sai dai gefen gonar da zai koma bakin titi dole a yi masa takarda da suna ɗaya, kada wasu su ƙwace.

"Sunan wa?"

"Nawa, Inna, don in tsare muku."

Ta daɗe tana kallon tukwanen. Ina tsaye jikin rumbu ina kallonta. Da ta dangwala yatsa a takardar sai ta goge shi a zaninta ta ce, "Ba kai na ba ba. Ubanka na ba."

Titi ya zo, ya yi kwanarsa, kabari ya tsira. Ba a jima ba sai ga shaguna da gidan mai a gefen gonar nan, daidai inda kowace mota da babur sai sun rage gudu. Daga nan arzikin Baffa ya buɗe, gidaje sai dai a nuna maka. A gari kuwa yabonsa ake yi, ana cewa ga ɗan da ya lanƙwasa titin gwamnati saboda ubansa. Kaka ba ta taɓa musa musu ba, amma har ta rasu ba ta taka titin ba, ta wata hanya take zagayawa zuwa coci.

Na so Baffa, shi ya kai ni makaranta, kuma wannan ne ke ƙara ƙona mini rai. Bara da na je gida, na tsaya a bakin kasuwa inda titin ya faro, na rufe ido ɗaya kamar mutanen Baffa, na bi layin da kallo. Ni malamar firamare ce, ban karanta awon ƙasa ba, wataƙila idona ne. Amma a ganina, ko da titin ya miƙe sak, ba zai taɓa kabarin ba, da taku mai yawa zai wuce ta gefensa.

Baffa na nan da ransa, ya yi ritaya, ya tsufa. Nakan durƙusa in gaishe shi, ya sa mini albarka. Tukwanen ma suna nan, hayaƙin motoci ya mayar da su baƙaƙe. Tambaya ɗaya nake zuwa da ita, in koma da ita: wa ya ce a buga turken nan a tsakiyarsu?