Numfashin Sadisu aikina ne

Ina zaune a ɗakinmu na ɗalibai a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, sai ga saƙon Hajiyata daga Kano. Ina buɗewa na ji karatun Alƙur'ani na Sadisu, wanda muke ɗaki ɗaya. Ashe ya yaɗu har ya kai wayarta.

Karatun nan ni na ɗauka, ni na gyara a kwamfuta. Na cire ƙugin esi mai sanyaya ɗaki, na yanke tarinsa, na goge duk inda ya ja numfashi kamar mai hawan dutse, na sa masa 'yar amsa-kuwwa kamar a masallaci yake.

Sai Hajiya ta kira.

"Ka ji ɗan albarka? Ji dogon numfashi! Kai ma a Makkar kake, amma kullum kana kan kwamfuta."

Na ce, "Hajiya, numfashin nan fa aikina ne."

Ta ce, "Habibu, ka ji tsoron Allah. Hassada a garin Makka?"

Sadisu na gefe yana kurɓar shayi yana murmushi. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Asalin karatun, da tarin da komai, yana nan a kwamfutata. Jama'a, in tura mata ko in bar Sadisu da albarkarsa?